Tafasa Ruwa Ba Ya Kashe Gubar Ƙarfe

Na gaji da jin ana cewa wai ƙasa tana tace komai, in ma da saura, tafasawa ta isa. Kwanan baya wata maƙwabciyarmu ta jawo guga daga rijiyar da ke gab da kwatar ruwan majema, ta miƙo min: "Malam, dubi yadda yake garau!"

Garau ba shaida ba ce, baiwar Allah. Wuta tana kashe ƙwayoyin cuta ne saboda suna da rai. Kuromiyom, sinadarin da masana'antun jima ke aiki da shi a Challawa, Sharada da Bompai, ƙarfe ne da ya narke a ruwa. Ba shi da rai balle a kashe shi. Kina tafasawa, tururi na tashi, gubar na nan zaune a tukunya, har ƙara kauri take. Alam kuwa laka yake kwantarwa, ba abin dogaro ba ne a nan.

Da ƙasa na tace komai, da Amurka ba ta sha wahala a Hanford ba. A can, cikin jihar Washintan, kuromiyom daga tsofaffin injinan nukiliya ya sauka cikin ruwan ƙarƙashin ƙasa, ya nufi kogin Kolombiya. Daga ƙarshen shekarun 1990 aka haƙa rijiyoyi sama da 60 a jere, aka ɗura sinadarin ditayonait. Shi ya sauya baƙin ƙarfen da ke jikin yashi da tsakuwa, ya zama tarko: ruwa ya ratsa, kuromiyom mai guba ya rikiɗe zuwa nau'in da ke maƙalewa. Duk da haka, bayan 'yan shekaru wasu sassan tarkon suka raunana. Masu kuɗi da ƙwararru ke nan, balle mu.

Don haka kada a haƙa rijiya ko burtsatse kusa da kwatar masana'anta, juji, ko inda ake fasa tsofaffin batura. Masu unguwa su haɗa kuɗi a kai ruwa ɗakin gwaji, a ce musu ƙarfe ake so a duba, ba ƙwayoyin cuta kaɗai ba. In an samu, a daina sha da girki da ruwan rijiyar, a fara nema wa yara da masu juna biyu wani ruwan, a kai ƙara hukumar muhalli a rubuce. Masu masana'antu kuma, ku ji tsoron Allah, ku tace ruwanku kafin ku sake shi. Abin da kuka zubar a dare ɗaya, jikoki ne za su jawo shi a guga.