Motar Farko: Daga Kakuri Zuwa Ƙofar Gida a Kawo

Ranar da na shigo layinmu na Kawo da motata ta farko, ban kai ga kashe inji ba yara suka yanyame ta. Peugeot 504 ce, wadda kowa ke kira Fijo, fara sol, ko ledar kujerunta ba a cire ba. Mahaifiyata ta fito har ƙofar gida, ta dafa murfin injin da zafinsa, ta ce, "Allah ya tsare hanya, a kashe lafiya. Ka dai sani ba taka ce kai kaɗai ba." Zamanin mulkin Shagari ne, kuma da rancen mota na ma'aikata na saye ta, ana zarar kuɗin kaɗan-kaɗan daga albashi.

Abin da yaran yau ke wuyar gaskatawa shi ne, motar nan ba ta ƙetaro teku ba, kogin Kaduna kawai ta ƙetaro. A Kakuri aka haɗa ta, a kamfanin PAN da ya fara aiki a 1975, shekarar da kuɗin ƙarin albashi na Udoji suka shiga hannun ma'aikata. Kayan haɗin daga Faransa suke zuwa, amma hannayen da suka ɗaure su na 'yan ƙasa ne, wasunsu ma sahu ɗaya muke tsayawa a masallaci. A wannan shekarar ce kuma 504 ta lashe tseren Safari na Kenya, tseren taɓo da ƙura, don haka ba banza ba direbobin tashar Kawo suka riƙe ta hannu bibbiyu, suna jigila da ita zuwa Zariya da Kano da Katsina.

Maganar mahaifiyata ba ta faɗi ƙasa ba. Sau da yawa an ƙwanƙwasa mini ƙofa da tsakar dare, na fito da fitila a hannu na tarar da maƙwabci yana cewa, "Malam, a taimaka, naƙuda ce." Motar ta kai amare ɗakunansu, ta kai mu gaisuwar mutuwa ƙauyuka, ranar Talata kuwa, da kasuwar Kawo ke ci, ba na dawowa gida sai da buhun masarar wani a baya. Ni ma ta koya mini sana'ar da ban nema ba: duba ruwan lagireto kullum da safe, da goge fulogi idan ta fara tari. Abin da ya gagari bakanike, a kasuwar Panteka ake samo shi ko a ƙera.

Daga 1986 labari ya sauya. Shirin SAP na gwamnatin Babangida ya karya darajar Naira, sabuwar mota ta fi ƙarfin mai albashi, kasuwa ta koma hannun 'yan Kwatano, wato motocin da Turai ta gama yayinsu. Duk wanda ya girma bayan nan, motarsa ta farko ta riga ta zama ta biyu ko ta uku a hannun wani. Da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023, wasu ma da suke da mota sai suka lulluɓe ta da tampol.

Yanzu idan na hau sabuwar gadar Kawo, wadda aka buɗe a 2022, motoci ne iya ganinka, amma da ƙyar ka ƙirga 'yan ƙalilan da aka haɗa a ƙasar nan. Har gobe akwai masana'antar haɗa mota a Kaduna, akwai kuma matasa masu basira a Panteka. Ina kira ga hukumomi da masu kamfanonin haɗa mota da su dawo da rancen mota mai sauƙin biya, su kuma fito da motar da malamin makaranta da ma'aikaciyar jinya za su iya saye sabuwa.