Hutu a bakin teku

Ƙasar Nijar ba ta da teku. Yaran Doso da Tawa da Maraɗi da Damagaram sun san tafki, sun san gulbi lokacin damina, wasunsu ma sun ga kogin Kwara. Amma da yawa ba su taɓa ganin ruwan da ba a hango ɗaya gaɓarsa ba. Shi ya sa wasu iyaye, idan Allah ya hore musu, sukan kai ƴaƴansu bakin teku lokacin hutun makaranta.

Irin wannan tafiya tana da daɗi, tana kuma da haɗari. Babba yana iya jure yunwa da zafi da doguwar hanya. Ƙaramin yaro ba ya iyawa. Saboda haka, iyalin da ke da hankali suna duban ƙaramin cikinsu, su tsara komai daidai da ƙarfinsa. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Ina za a je?

Hanyar teku da mutanen Nijar suka fi sani ita ce wadda ta ratsa ƙasar Benin zuwa birnin Kwatano. Shekaru da yawa ta nan kayan Nijar suka riƙa shigowa daga ƙasashen ƙetare. A Kwatano akwai unguwar Zongo, inda ake jin Hausa a kasuwa da masallaci. Sai dai Kwatano babban birni ne mai hayaniya da yawan babura. Mai neman hutu da ƙananan yara ya fi jin daɗin ƙauye.

Yamma da Kwatano, wajen kilomita 80, kusa da iyakar Togo, akwai garin Garan-Popo da ƙauyukan masunta da ke kewaye da shi. Suna zaune a kan wani siririn tudun rairayi. A kudu teku ce, a arewa kogin Mono ne da tafkunansa. Itatuwan kwakwa sun yi jeri a bakin ruwa. Mutanen wurin suna su, suna kuma noman albasa da tumatir da karas a cikin rairayi.

Wane lokaci ya fi dacewa?

Yanayin kudancin Benin ya bambanta da na Nijar. A Nijar damina ɗaya ce a shekara. A can kuwa biyu ce: babba daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba. A watan Agusta ruwan sama yakan ɗan ɗauke, gari ya yi sanyi, amma a lokacin ne teku ke yawan hauka. Daga Disamba zuwa Maris rani ne, hanyoyi sun bushe, teku ta ɗan lafa.

Babban hutun makaranta yana faɗawa cikin damina, lokacin da manomi ba ya barin gonarsa. Ga iyalin manomi, ɗan hutun ƙarshen Disamba ya fi dacewa, don an riga an kai amfanin gona gida. Ma'aikaci da ɗan kasuwa suna iya zaɓen Agusta, in dai sun san cewa a watan kallon teku kawai za a yi daga nesa.

Takardu da lafiya

Benin wata ƙasa ce dabam, tana da iyakarta da dokokinta. Kowane babba yana bukatar takardar shaidarsa, kowane yaro kuma takardar haihuwarsa. Ana neman katin allurar rigakafin ciwon shawara. Ana yi wa yaro wannan allura tun yana da wata 9, kuma sau ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Amma katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar. Wanda ya bari sai jajibirin tafiya ya makara.

Kafin a tashi, uwa takan kai ƙananan yara wurin likita, a duba su, a ga ko akwai allurar da ta rage. Yaron da ke da zazzaɓi ko gudawa ba a ɗora shi a doguwar hanya. Gara a ɗaga tafiya da a kwana a asibitin garin da ba a san kowa ba.

Kuɗi ba su da wahala, domin Nijar da Benin duka da sefa suke ciniki. Uba yakan raba guzuri kashi huɗu: na mota, na masauki, na abinci, da na ko-ta-kwana. Kashi na huɗu ba a taɓa shi sai don ciwo ko lalacewar mota. Kuɗin motar dawowa kuma ana ware su tun daga gida.

Hanya

Daga Yamai zuwa Kwatano ya fi kilomita 1,000. Hanyar takan bi ta Doso zuwa Gaya. A nan akwai gada a kan kogin Kwara, wadda ta haɗa Gaya da Malanbil, garin farko na Benin. Daga Malanbil sai Kandi, sai Paraku, sai Bohikon, sannan Kwatano. Daga Kwatano a juya yamma, a wuce Wida, a isa Garan-Popo.

A shekara ta 2023 an rufe wannan gada, ta daɗe a rufe, har matafiya suka koma ƙetare kogi da kwalekwale. A wasu yankunan arewacin Benin kuma an sha fama da rashin tsaro. Don haka aikin farko na uba shi ne tambaya. Ya je tasha, ya ji daga bakin direbobi da mutanen da suka dawo kwanan nan. In hanya ba ta da kyau, a haƙura sai wata shekara. Teku ba ta zuwa ko'ina.

In hanya lafiya, ba a yin ta a rana ɗaya da ƙananan yara. A kwana a Paraku, a tashi da safe. A guji tafiyar dare. Kwana biyu zuwa, kwana biyu dawowa: ke nan hutun da bai kai mako guda ba a cikin mota zai ƙare. A sa wa kowane yaro ƴar takarda a aljihu, mai ɗauke da sunansa da lambar wayar mahaifinsa, saboda cunkoson tasha.

Kayan tafiya

Kaya kaɗan sun fi, amma akwai waɗanda ba a mantawa. Na farko shi ne sange, wato gidan sauro. A bakin teku akwai ruwa a kwance ko'ina, kuma sauro ba ya ƙarewa ko da rani. Sauron da ke kawo zazzaɓi da dare yake cizo, kuma ƙananan yara ya fi kayarwa. Kowa ya kwana cikin sange, tun daga daren farko.

Bayan sange sai tufafi marasa nauyi, da hula, da takalmin roba, da sabulu, da fitila. Uwa takan riƙe maganin zazzaɓi na yara da ƙunshin garin gishiri da sukari na gudawa. In babu ƙunshin, ana iya haɗawa: ruwa mai tsabta lita 1, sukari ƙaramin cokali 6, gishiri rabin ƙaramin cokali. A ɗauki kuma abincin da yara suka saba da shi, kamar garin kunu da ƙuli-ƙuli da dabino.

Masauki da abinci

A ƙauye, ba kowane dare ake samun wuta ba, kuma asibiti yana iya yin nisa. Ranar da aka sauka, tun kafin a je kallon teku, uba ya tambayi inda gidan likita yake da yadda ake samun abin hawa da dare. Masauki mai kyau shi ne wanda ke da shinge ko katanga tsakaninsa da ruwa, don kada yaro mai rarrafe ya fita ba a sani ba.

Ruwan rijiyar bakin teku wani lokaci yana da ɗanɗanon gishiri, kuma ba a san tsabtarsa ba. A tafasa wa yara ruwan sha. Abincin wurin tuwon masara ne da garin rogo da kifi, da miya mai yaji sosai. A ɗiba wa yara nasu kafin a sa barkono. A cire musu ƙayar kifi da hannu, a tabbata ya dahu sarai.

Teku ba tafki ba ce

Wannan shi ne babban darasin tafiyar. Yaron da ya iya iyo a tafkin garinsu yana zaton ya iya ruwa. Tafki a kwance yake. Teku kuwa kullum motsi take yi.

Da farko akwai igiyar ruwa. A gaɓar Benin igiya tana zuwa da ƙarfi, ta daki rairayi, ta koma da sauri. Igiya ɗaya tana iya kayar da babban mutum. Wani lokaci ƙanana su zo a jere, sai babba ta biyo baya ba zato. Shi ya sa ba a juya wa teku baya.

Na biyu, ruwan teku yana hawa yana sauka sau biyu a kowace rana, saboda jan da wata ke yi masa. Wurin da yaro ya gina ɗakin rairayi da safe, bayan ƴan awoyi ruwa ya rufe shi.

Na uku, kuma mafi haɗari, shi ne ruwan ja. Ruwan da igiyoyi suka turo bakin gaɓa dole ya koma. Sai ya taru ya bi wata siririyar hanya zuwa cikin teku, kamar kogi mai gudu. Sau da yawa wurin ya fi ko'ina kamar kwanciya, har baƙo ya ce nan ne ya dace da wanka. Wanda ruwan ja ya ɗauka, kada ya yi kokawa da shi. Ya bar jikinsa ya taso, ya ɗaga hannu, ya yi iyo ta gefe, daidai da tsawon gaɓa. Wanda ke tudu kuma kada ya faɗa ruwa. Ya yi kururuwa, ya kira masunta, ya jefa igiya ko jarka marar komai.

A bakin ruwan ƙauye babu ma'aikacin ceto. Yaro kuma yana nutsewa shiru, ba ya samun damar ihu. Don haka dokokin iyali uku ne. Ƙananan yara ba sa shiga teku. Suna wasa a rairayi, inda hannun babba zai kai gare su. Kuma a kowane lokaci akwai babba ɗaya da aka ambata sunansa, wanda ba shi da wani aiki sai kallonsu. Idan aka ce kowa na kallo, to babu mai kallo. Ba a ɗora wa yayar da ke da shekara 10 wannan nauyi.

Rana ma tana da nata. Iskar teku tana sa a manta da zafi, alhali da tsakar rana rairayi yana ƙona tafin ƙafa. A fita da safe da kuma bayan la'asar. Kada a shimfiɗa wa jariri tabarma a ƙarƙashin itacen kwakwa mai ƴaƴa, don kwakwa tana faɗowa.

Abin da yara za su gani

Ko ba a shiga ruwa ba, abin kallo yana da yawa. Da safe masunta sukan yi dogon layi suna jan koma daga teku, suna waƙa, mata na jira da kwanduna. Ƙaguwa tana gudu a karkace ta shige rami. A wasu watanni manyan kififiyoyin teku suna fitowa da dare su binne ƙwai a rairayi. Doka ta hana taɓa su da ƙwansu.

Kusa da Wida akwai ƙauyen Jegbaji, inda mata ke tace ƙasa mai gishiri, su dafa ruwan har gishiri ya fito. Haka ake yi a Dallol Foga, kusa da Gaya. A bakin tekun Wida kuma akwai wata babbar ƙofa da aka gina a 1995, don tunawa da mutanen da aka kwashe a jiragen ruwa aka kai bauta Amurka.

Mutanen gaɓa suna da harsunansu da al'adunsu da wuraren bautarsu. Baƙo ya fara da gaisuwa. Kada ya shiga wurin da ba a ba shi izini ba, kada ya ɗauki hoton mutum sai ya tambaya. A nan faransancin da aka koya a makaranta yake amfani: sau da yawa ɗan makaranta ne ke yi wa kakarsa tafinta. Game da ruwa kuwa, maganar masunci ita ce doka. Baƙo ko da ido makaho ne.

Sababbin kalmomi

Teku: la mer. Gaɓa: la côte. Igiyar ruwa: la vague. Ruwan ja: le courant. Masunci: le pêcheur. Sange: la moustiquaire. Iyaka: la frontière.

Tambayoyi

1. Damina nawa ake yi a kudancin Benin?
2. Me ya sa ake yin allurar shawara tun da sauran kwanaki?
3. Waɗanne abubuwa uku suka bambanta teku da tafki?
4. Me ya kamata wanda ke tudu ya yi idan ruwa ya ja wani?

Aiki

A zana taswira daga Doso zuwa Garan-Popo, a sa sunayen garuruwan da ke kan hanya.

A cikin lita 1 ta ruwan teku akwai gishiri wajen giram 35. Giram nawa za a samu a cikin bokiti mai cin lita 10?