Waƙoƙin kaka a Japan: yadda ake bankwana ba tare da tada jijiyar wuya ba

A ƙasar Hausa kaka lokacin walwala ne. An yanke gero, rumbu ya cika, ana ta ɗaurin aure, ƴan kokowa sun fito fili. A Japan ma ana girbin shinkafa a wannan lokaci, amma watannin Satumba, Oktoba da Nuwamba suna zuwa musu da wani sanyin jiki na daban. Zafi ya ja baya, rana tana saurin faɗuwa, ganyen itatuwa ya koma ja da ruwan ɗorawa. Jama'a kan yi tururuwa zuwa tsaunuka da lambunan birnin Kiyoto don kallon wannan launi, kowa kuma ya san kwana kaɗan ne ganyen zai zube.

Daga wannan yanayi ne mawaƙan zamani na ƙasar suka fitar da tarin waƙoƙin da gidajen rediyo ke dawo da su duk shekara. Kusan dukkansu zancensu ɗaya ne: rabuwa. Abin da ya bambanta su shi ne yadda ake rabuwar, babu zagi, babu habaici, babu ɗora wa wani laifi.

Kalma ɗaya, ma'ana biyu

A harshen Japananci ana kiran kaka "aki". Akwai kuma wata kalmar mai lafazi iri ɗaya wadda ke nufin gundura, wato zuciya ta gaji da abin da take so a da. Marubuta waƙa sun daɗe suna wasa da wannan kamanni, tun zamanin kundin Kokinshu da aka harhaɗa wajajen shekara ta 905. Idan mawaƙi ya ce kaka ta shigo, mai sauraro ya riga ya gane cewa soyayya ce ta fara sanyi.

Japanawa suna da suna ga irin wannan tausayi: "mono no aware", wato sosuwar rai da mutum ke ji in ya tuna abu mai kyau ba ya dawwama. Masanin adabi Motoori Norinaga ne ya yi fice wajen bayyana shi a ƙarni na 18. Wanda ya riƙe waɗannan abubuwa biyu ya samu mabuɗin waƙoƙin, ko da ba ya jin harshen.

Shekarar 1977

Uku daga cikin fitattun waƙoƙin kaka sun fito ne a shekara guda. Ta farko ita ce "Kosumosu" ta Yamaguchi Momoe, wadda Sada Masashi ya rubuta mata. Sunan wani fure ne da ke tohowa a kaka. Waƙar labarin amarya ce ana gobe za a kai ta. Tana kallon mahaifiyarta na buɗe tsofaffin hotuna, tana maimaita labarin yarintarta, tana taya ta haɗa kaya, har hawaye ya ci ƙarfin uwar. Momoe na da shekara 18 lokacin da ta rera ta. Bayan shekara uku, a watan Oktoban 1980, tana tsakiyar tashe, ta yi wasanta na ƙarshe a zauren Budokan na Tokiyo, ta ajiye makirfo a kan dandamali, ta bar waƙa ta yi aure. Har yau ana sanya "Kosumosu" a wuraren biki.

Ta biyu ita ce "Shishuki" ta Iwasaki Hiromi. Marubucinta, Aku Yu, ya ɗauki kalmar da ke nufin shekarun balaga, wadda a rubuce take ɗauke da alamar lokacin tohon furanni, ya cire alamar ya sa ta kaka. Da wannan ɗan sauyi ya mayar da ita waƙar ƙuruciyar da ta wuce. Hiromi ba ta daɗe da gama makarantar sakandare ba a lokacin, kuma kuka ya sha katse ta wajen ɗaukar waƙar.

Ta uku, "Aki no Kehai", ta ƙungiyar Off Course ce, kuma Oda Kazumasa ya rubuta ta. Ma'anar sunan shi ne alamun shigowar kaka. Saurayi da budurwa ne a wani lambu da ke kallon tashar jiragen ruwa ta Yokohama. Ba ta yi masa laifin komai ba, zuciyarsa ce kawai ke janyewa, shi ma yana ji yana gani. Ba ta yi kasuwa sosai ba da ta fito, daga baya ne ta zama ɗaya daga cikin waɗanda masoyan ƙungiyar suka fi ƙauna.

Kiɗan rawa, kalaman kuka

Matasan da ke bibiyar YouTube da TikTok wataƙila sun taɓa cin karo da muryar Takeuchi Mariya. Waƙarta "Plastic Love" ta 1984 ta zagaye duniya daga 2017, bayan fiye da shekara 30 da fitowarta, ta kuma farfaɗo da salon kiɗan biranen Japan na wancan zamani. Waƙarta ta kaka ita ce "September", ta 1979. Kiɗan mai sa kaɗa kai ne, amma labarin budurwa ce da saurayinta ya koma wa wata. Matsumoto Takashi ya rubuta kalmomin, Hayashi Tetsuji ya tsara karin. Shi dai Matsumoto ne ya rubuta wa Matsuda Seiko "Kaze Tachinu" a 1981, inda wata yarinya ke sallama da masoyinta tana ƙarfafa wa kanta gwiwar ci gaba ita kaɗai.

Mai neman wadda ta fi nauyi sai ya nemi "Koibito yo" ta Itsuwa Mayumi, ta 1980. Ita ta rubuta abarta, ita ta rera. Busassun ganye ne, da ruwan sama, da mace mai roƙon a ce mata maganar rabuwar wasa ce. Waƙar ta tsallaka iyaka, an sake rera ta da wasu harsunan Asiya.

Na baya-bayan nan

Ƙungiyar Spitz ta fitar da "Kaede" a 1998. Sunan itacen nan ne da ganyensa ke rinewa ja a kaka. Mai waƙar ya yarda an rabu, ya kama hanya, abin da ya rage masa shi ne muryar wanda ya bari.

A 2004 ƙungiyar Fujifabric ta saki waƙa a kan kinmokusei, wani ƙaramin fure mai ruwan lemo da ƙamshinsa ke cika unguwanni daga ƙarshen Satumba. Ƙamshin ne ke tado wa mai waƙar tsohon tunani yana hanyar komawa gida. Jagoran ƙungiyar, Shimura Masahiko, ya rasu a watan Disamban 2009 yana da shekara 29, abin da ya ƙara wa waƙoƙinsa nauyi a kunnen masoyansa.

Sai "Mikazuki", wato jinjirin wata, wadda Ayaka ta fitar a Satumban 2006 tana da shekara 18, ta kuma hau matsayi na ɗaya a jadawalin Oricon. Masoya biyu ne da nisa ya raba, waya ce kaɗai ke haɗa su, sai watan da kowannensu ke gani daga inda yake. Duk wanda ya taɓa zaman jiran kira daga gida ba ya buƙatar tafinta a nan.

Ga wanda ke nesa da gida

Ƴan uwanmu da ke zaune a Faransa, Beljiyam, Jamus ko Amurka sun san irin wannan kaka. Agogo ya koma baya da awa guda, duhu ya riga mutum isa gida, kewar iyaye ta taso ba sallama. Waƙoƙin nan ba za su rage wa kowa nisa ba. Abin da suke yi shi ne su zauna da mutum cikin kewarsa, su nuna masa ba abin kunya ba ce. Hausawa sun ce sabo ake yi wa kuka, kuma kusan duk waƙar da aka ambata a nan kukan sabo ce.

Mai son gwadawa ya rubuta sunayen kamar yadda suke a sama, yawancinsu ana samun su a intanet, wasu har da fassara. Ya fara da "September" tun da sauran rana, ya bi da "Kaede" da "Mikazuki" bayan magariba. "Kosumosu" kuwa a bar ta a ƙarshe, kuma a tabbata akwai kuɗi a salula, domin da wuya a gama jin ta ba a nemi lambar mahaifiya ba.