Yaushe Rabonka Da Ganin Ungulu?

 Yau daga Daura nake magana, kuma da tambaya zan fara: yaushe rabonka da ganin ungulu? Tsakani da Allah, ɗan yi tunani. Muna yara, in ka bi ta mayanka sai ka kore su kafin ka wuce. Yanzu akwai ƙannenmu da a karin magana kawai suka san ta. Kuma ba mai iya ce maka ga shekarar da ta fara ɓacewa, don ba wanda ya ƙirga.

Shi ya sa bana da kaka ta shigo, na ɗauki littafi da biro na fara abin da abokaina ke kira rashin aikin yi. Ina fita bayan gari, hanyar Mai'aduwa, in zauna gindin gawo ina ƙirga shirwa da shaho da danginsu.

To me ya sa sai da kaka? Saboda lokacin ne tafiya biyu ke haɗuwa a samanmu. Ta farko ta gida ce. Shirwar da muka sani, mai rawayan baki, tana biyo damina zuwa arewa kamar yadda shamuwa ke yi, in ruwa ya ɗauke da yawansu su gangara kudu. Ta biyu ta baƙi ce daga Turai, masu gudun sanyi. Suna tsallako Hamada a watan Satumba da Oktoba. A cikinsu akwai wani siririn shaho, namijin ruwan toka mai baƙin bakin fiffike, yana bin gona ƙasa-ƙasa kamar mai neman abin da ya yar. Fara yake nema. Eh, wannan dai da muke soyawa da yaji.

Ga abin da ya fi burge ni. Manyan cikinsu ba da ƙarfin fiffike suke tafiya ba. In rana ta gasa ƙasa, iska mai zafi na tashi sama. Sai tsuntsu ya baza fiffike cikinta ya yi ta jewa har ya yi nisa, sannan ya sulala zuwa ta gaba. Ashe da gaske ungulu ba ta jewar banza. Shi ya sa da sassafe ba ka ganin komai, sai hantsi ya dubi ludayi. Kan teku kuwa babu irin wannan iska, don haka suke cunkusuwa inda ruwa ya fi ƙanƙanta. Akwai mashigin Jibraltar tsakanin Sifen da Maroko, kilomita 14 kacal. Akwai kuma Batumi a ƙasar Jojiya, inda tun 2008 'yan sa-kai ke zama kan tudu suna ƙirgawa, kuma sukan haura tsuntsu miliyan ɗaya a kaka guda.

Mu a Daura ba mu da irin wannan lungu. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, tsuntsayen a warwatse suke zuwa. Namu ƙirgen na haƙuri ne. Wani Bafaranshe, Jean-Marc Thiollay, ya bi hanyoyin Nijar da Mali da Burkina Faso a mota daga 1969 zuwa 1973 yana ƙirgawa. Bayan shekara 30 ya sake bin hanyoyin, ya tarar manyan ungulaye da gaggafa sun kusa ƙarewa a wajen gandun dajin gwamnati. Ba don littafinsa na farko ba, da sai dai a ce “da akwai su da yawa”, kamar yadda muke cewa.

Kuma kada ku ce abin na nesa ne. A 2013 an maƙala wa wata farar ungulu na'urar bin sawu a ƙasar Girka, aka sa mata suna Paschalis. Ta tsallake teku, ta tsallake Hamada, ta sauka yankin Damagaram, nan maƙwabtanmu in ka bi ta Kongolam. A 2014 maharbi ya kashe ta don kasuwar masu magani. Wallahi labarin nan ya tsaya mini a rai.

Na san wani zai ce shirwa ai ɓarauniyar 'yan tsaki ce. Gaskiya ne, ta sha ɗauke na mahaifiyata. Amma danginta ne ke rage mana fara da ɓera a gona, ungulu kuma ita ke share mushe kafin ya ruɓe a bakin gari.

In kana son gwadawa, ba sai da kuɗi ba. Zaɓi wuri ɗaya mai fili, kana Zango ne, ko Baure, ko Sandamu. Riƙa zuwa lokaci ɗaya, misali ƙarfe 10 zuwa 11. Rubuta kwanan wata, yawan da ka gani, da inda suka dosa. In garke ne, ƙirga goma-goma. Wanda ba ka gane ba, ɗauki hoto. Ranar da ba ka ga komai ba, rubuta sifiri, don shi ma labari ne. Cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI da ke Jos tana tattara irin waɗannan bayanai daga 'yan sa-kai a faɗin Najeriya.

Ku rubuto mana a ƙasa: a garinku har yanzu ana ganin ungulu? A ina? Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah ya kai mu.