Dutse Mai Aman Wuta da Gidajen da ke Gindinsa

Mu mazauna Zango a nan Wagadugu, Allah bai jarrabe mu da dutse mai aman wuta ba. Amma duk wanda ya shaidi ranar Talata, 1 ga Satumba 2009, yayin da ruwan sama fiye da milimita 260 ya sauka cikin sa'o'i kaɗan, ya narkar da gidajen laka, ya kutsa har asibitin Yalgado, ya bar mutum wajen 150,000 cikin ibtila'i, to ba ya bukatar tafinta kafin ya fahimci halin magidancin da ya wayi gari yana neman inda ɗakinsa yake.

Asalin aman wutar dutse, bisa bayanin masana, shi ne can cikin ƙasa akwai dutse wanda tsananin zafi ya narkar, gauraye da iska, wanda idan ya sami tsaga sai ya yunƙuro waje. Haka dutsen Nyiragongo ya yi wa birnin Goma na ƙasar Kwango ranar 17 ga Janairu 2002, sa'ad da narkakken dutse ya ratsa tsakiyar gari, ya ci wani sashe na filin jirgin sama, bai tsaya ba sai cikin tafkin Kivu, aka bar fiye da mutum 100,000 babu muhalli. Ambaliya takan janye ta bar wa mutum filinsa, narkakken dutse kuwa idan ya huce sai ya daskare ya zama baƙin fa, ya binne gida da iyakarsa gaba ɗaya. Toka ma ba abin rainawa ba ce, domin a Pinatubo ta ƙasar Filifin, cikin 1991, tokar da ta sha ruwa ita ce ta riƙa danne rufin ɗakuna a kan masu su.

Sai dai musibar da ta fi tsaya mini a rai ita ce ta tafkin Nyos a Kamaru, kusa da iyakar Nijeriya, wanda ke kwance a bakin wani tsohon dutsen wuta. A daren 21 ga Agusta 1986, iskar kabon da ta daɗe tana taruwa a ƙarƙashin ruwan ta ɓalle, kuma da yake ta fi iskar shaƙa nauyi, sai ta gangara kwari, ta bi ƙauyukan Nyos da Cha da Subum alhali jama'a na shirin barci. Mutum 1,746 suka riga mu gidan gaskiya, cikinsu har da Fulani makiyaya, tare da dabbobi kusan 3,500. Ɗakuna na tsaye, rumbuna na cike, babu mai shiga. Waɗanda suka tsira aka kwashe su zuwa sansanoni, kuma sai a 2001 aka kafa bututun farko mai fitar da iskar sannu a hankali.

Mai karatu zai ce, me ya kai mutum zama a gindin halaka? Haƙiƙa abin da ya kai talakanmu gini a hanyar ruwa shi ya kai su: ƙasar dutsen wuta tana da albarkar noma, fili na da araha, kasuwa na kusa. Mutanen Goma sun koma sun yi gini a kan baƙin dutsen, har Nyiragongo ya sake yin amai ranar 22 ga Mayu 2021. Namu da ambaliyar ta shafa kuwa an yanka musu filaye a Yagma, can bayan gari, nesa da wurin neman abinci.

Tawakkali ba ya kore riƙo da sababi, kamar yadda malamanmu suka karantar. Saboda haka ina roƙon hukuma, duk wanda za a tayar daga wurin haɗari, a haɗa masa sabon filinsa da ruwan sha da hanya da makaranta tun kafin ya tare.