Majimfa: Daga Bakin Rafi Zuwa Rumbu

Majimfa, wadda masana ke kira Tephrosia vogelii, ƙaramar itaciya ce dangin wake, mai farin fure ko shunayya. Tun kaka da kakanni masunta ke daka ganyenta su zuba a ruwa, kifi ya bugu ya taso sama. Abin takaici, 'ya'yan kifin ma ba su tsira. Dokar kamun kifi ta 1992 ta haramta wannan a Nijeriya.

To amma dafin nan yana da amfani a rumbu: garin busasshen ganyenta yana kashe ƙwarin wake. Saiwarta kuwa tana ƙara wa ƙasa ƙarfi. Ƙwayar irinta tana da tauri, don haka akan jiƙa ta ta kwana kafin a shuka da farkon damina. Waken da aka adana da ita sai an wanke shi sosai kafin a dafa.