GA GOYO, GA CIKI, GA FARI: Zaman Maryamu Livingstone a Kolobeng

Kusan duk wanda ya zauna a ajin makarantar Mishan ya ji labarin Dauda Livingstone, likitan nan mutumin Sikotlan wanda zaki ya karya wa hannu, wanda kuma ya ratsa Afirka daga wannan teku zuwa wancan. Amma idan aka tambaye mu sunan matarsa, da yawanmu sai mu yi shiru. Sunanta Maryamu. Cikin shekara bakwai na farkon aurensu ta haifi 'ya'ya biyar, ta zauna a gida uku, ta kuma ƙetare hamadar Kalahari cikin keken shanu shekara biyu a jere, kowace tafiya da ciki, ga ƙananan yara uku a gefenta. Labarin wannan gida mu ke so mu kawo muku a wannan fitowa, gama akwai noma a cikinsa, akwai ruwa da rashinsa, akwai kuma abin da matanmu suka fi mu sani.

Maryamu 'yar Robert Moffat ce, mai bishara na Ƙungiyar Mishan ta Landan. Kafin ya zo Afirka sana'arsa aikin lambu ce, bai kuwa bar ta ba. A Kuruman, cikin ƙasar Afirka ta Kudu ta yanzu, akwai wani marmaro da ba ya ƙafewa. Moffat ya ja ruwansa da lambatu, ya dasa itatuwa masu 'ya'ya, ya shuka alkama da kayan miya. An haifi Maryamu a Griquatown cikin 1821, ta girma a wannan lambu, tana jin harshen Tswana kamar 'yar ƙasa. Livingstone ya iso Kuruman cikin 1841. Bayan zaki ya raunata shi cikin 1844 sai ya zo gidan Moffat domin ya warke, nan suka daidaita, aka ɗaura aure cikin Janairu 1845.

Gidansu na fari a Mabotsa ya ke, fiye da mil 200 arewa da Kuruman. Ba su daɗe ba sai saɓani ya shiga tsakanin Livingstone da abokin aikinsa, ya bar gidan da ya gina da lambun da ya soma, suka ƙara gaba zuwa Chonuane wurin Sechele, sarkin Bakwena. An haifi ɗan farinsu Robert cikin 1846. Tun ba a yaye shi ba Maryamu ta sami wani ciki, watau abin da mu ke kira kwanika. A Chonuane kuwa babu ruwan kirki, hatsi ya yi wuya. Sa'ad da suka kai ziyara Kuruman, tsofaffin matan da suka san ta tun tana yarinya suka yi ta salati ganin yadda ta rame, suna tambaya ko babu abinci ne a ƙasar da aka kai ta. Mijin da kansa ya rubuta cewa maganar nan ta sosa masa rai. Aka haifi Agnes cikin 1847, cikin shekarar kuma dukan garin ya tashi ya koma bakin kogin Kolobeng, cikin ƙasar Botswana ta yanzu, bisa shawarar Livingstone.

Shawarar ba ta banza ba ce. Ya ga abin da surukinsa ya yi a Kuruman, ya ce wa Sechele maganin fari shi ne a sami kogi mai gudu, a tare shi, a ja ruwa zuwa gonaki. Aka yi musanyar aiki: mutanen gari suka yi madatsa da lambatu, shi kuwa ya taimaka wajen gina wa sarki gida mai kusurwa huɗu. Mutanen ƙasar ɗaki mai kewaye suka saba ginawa, saboda haka kowane tubali na gidansa sai da ya aza da hannunsa. Shekarar fari lambu ya yi kyau ƙwarai.

Bari mu leƙa cikin gidan, mu ga yadda yini ya ke wucewa, bisa ga abin da mai gidan ya bayyana cikin littafin da ya buga a 1857. Albashinsa kamar fam 100 ne a shekara, babu kanti, babu kasuwa irin tamu. Duk abin da gida ya ke bukata a gida za a yi shi. Su kan tashi da sassafe, a yi addu'a, a karya kumallo, a shiga koyar da karatu har wajen ƙarfe 11. Daga nan shi ya koma ƙira ko sassaƙa ko lambu, ita kuwa ta fuskanci aikin gida. Ita ke lura da niƙa. Burodi ta kan gasa shi cikin rami da aka fafe a jikin suri, a toshe bakin da faifan dutse. Ta kan kaɗa nono cikin tulu ta fid da mai, ta zuba kitse cikin ma'auni ta yi kyandir, ta ɗinka wa kowa tufafi. Sabulu ma ita ke dafawa da toka da kitse, in tokar itace ce marar ƙarfi sai tukunya ta yi wata guda ko mako shida ana dafa ta. Duk macen da ta taɓa tsayawa kan tukunyar sabulu da goyo a baya ta san abin da wannan ke nufi. Da rana ta yi sanyi kuma sai ta tara yara ƙanana, 60 zuwa 80, ta koya musu karatu da waƙa, wata rana kuma ta koya wa 'yan mata ɗinki. Cikin wannan hidima aka haifi Thomas a 1849.

Sai sama ta rufe. Shekara ta biyu da ta uku a haɗe, ruwan da ya sauka bai kai inci 10 ba. Kogin Kolobeng ya ƙafe ƙaf. Kifi ya mutu tuli har kurayen jeji suka taru suka kasa cinyewa, aka kuma tarar da wani tsohon kada a bushe cikin laka. Suka yi ta haƙa cikin yashin kogi suna bin ruwa ƙasa domin su ceci 'yan itatuwan da suka dasa, abin bai yiwu ba. Don tsabar bushewar iska, allura ta kan yi watanni a waje ba ta yi tsatsa ba. Ga darasi ɗaya da kowane mai noman rani zai gane: marmaron Kuruman daga ƙarƙashin dutse ya ke fitowa, Kolobeng kuwa ruwan sama ya ke jira, madatsa ba ta iya tare abin da bai zo ba.

Matan Bakwena suka sayar da kayan adonsu suka sayo hatsi daga nesa. Yara suka bazu cikin daji neman saiwoyi da fara, makarantar Maryamu ta ragu. Maza suka shiga farauta da shinge da rami. A gidan Bature ma akwai lokacin da dusa kaɗai ta rage, sai an niƙa ta sau uku kafin ta zama gari. 'Ya'yansu suka koyi cin gasasshiyar fara da manyan tsutsotsi da wani ƙaton kwaɗo, su kan kuwa ci da marmari. In Sechele ya sami nama ya kan aiko musu. Wannan alheri ba ƙarami ba ne, domin shi kansa yana cikin matsi. Dā shi ne mai roƙon ruwa na mutanensa, da aka yi masa baftisma cikin 1848 ya bari, jama'a kuwa suka ɗora laifin farin a kan sabuwar koyarwa. Daga gabas kuma ga Turawan Bowa, manoma masu neman ƙasa da 'yan ƙwadago na tilas, suna barazana.

Wannan ya sa idon Livingstone ya koma arewa. Cikin 1849 ya tafi tare da wani mafarauci mai dukiya, William Oswell, suka isa tafkin Ngami. Cikin Afrilu 1850 ya sake kama hanya, wannan karo da iyalinsa duka. Robert yana shekara 4, Agnes ta kusa 3, Thomas shekara guda, uwarsu kuwa da ciki wajen wata biyar. Keken shanu ba ya sauri, yashi yana riƙe ƙafafunsa, wani wuri sai an sare itatuwa kafin a wuce. Da suka kai tafkin yara suka yi ta wasa cikin ruwa, uban yana murna. Ba a jima ba zazzaɓi ya kama biyu daga cikinsu, dole aka juyo. A tuna fa, a zamanin nan ba wanda ya san sauro ke kawo zazzaɓin, sai cikin 1897 Ronald Ross ya tabbatar da haka. Sun san kwini yana magani, amma sun ɗauka mugun tururin fadama ne ke kawo ciwon.

Kwana kaɗan da isowarsu gida, cikin Agusta 1850, Maryamu ta haifi 'ya mace, aka sa mata suna Elizabeth. Wata cutar ƙirji tana yawo cikin yaran gari a lokacin, ta kama jaririyar, ta rasu tana da mako shida. Uwar kuma gefen fuskarta ya shanye. Aka kai ta Kuruman ta yi watanni hannun mahaifiyarta.

To, a nan ne mu ke ganin mai gida ya yi kuskure, ko da ya ke ba mu ce ba shi da hujja ba. Cikin Afrilu 1851 ya sake ɗaura shanu, Maryamu kuwa da wani sabon ciki. Surukarsa ta rubuto masa takarda mai zafi, tana tambaya ko rasa jariri ɗaya bai ishe shi ba, tana cewa kowa zai ga rashin tausayi a jan mace mai ciki da yara uku cikin jeji. Hujjarsa ita ce Kolobeng ba ta zaunuwa, ga fari ga Bowa, yana so ya kafa sabon wuri a ƙasar Makololo, ya kuma lura cewa mutane su kan amince da baƙon da ya zo da mata da yara. Duka gaskiya ne. Amma Kuruman tana nan da ruwanta da lambunta, wata biyar kawai za a jira a sauka lafiya. Iyayenmu su kan bar yaro ya sha nono kusan shekara biyu kafin a nemi wani, Hukumar Lafiya ta Duniya ma cikin 2005 ta ba da shawarar a bar wata 24 tsakanin haihuwa da sabon ciki. Tsakanin Elizabeth da wanda ya biyo ta wata 13 ne kacal.

Oswell ya riƙa yin gaba yana haƙa rijiyoyi da kuɗinsa, duk da haka suka faɗa wani yanki da babu ɗigon ruwa. Jagoransu ya ɓata hanya, ya gudu ya bar su. Wani bara ya yi ɓarnar ruwan da ke cikin keke, ɗan abin da ya rage aka ajiye wa yara, su kuwa ganin ruwa ya yi kaɗan sai ƙishinsu ya ƙaru. Uban ya rubuta daga baya cewa da matarsa ta zage shi da ya fi masa sauƙi, amma ko kalma ba ta ce ba, sai hawaye a idonta. Aka kwance shanu suka bi ƙanshin ruwa, sai da yammacin rana ta biyar mutane suka komo da ruwa. Shanun kuwa sun ratsa cikin tsando, sammore ya kama su.

Suka isa wurin Sebetwane, sarkin Makololo, ya karɓe su hannu biyu, amma cikin 'yan makonni ya rasu. Ƙasar kuma fadama ce mai zazzaɓi, babu wurin ajiye iyali. A hanyar dawowa, cikin Satumba 1851, a bakin kogin Zouga wanda a ke kira Boteti yanzu, Maryamu ta haifi namiji, ɗakin haihuwarta keken shanu. Aka sa masa sunan Oswell.

Daga nan zaman tare ya ƙare. Cikin Afrilu 1852 Livingstone ya sa matarsa da yara huɗu cikin jirgin ruwa a Kep Tawun zuwa Birtaniya, Oswell ne ma ya biya kuɗin suturarsu. Ya ce shekara biyu zai yi, sai ya yi huɗu da rabi. Abin mamaki, macen da ta iya gasa burodi cikin suri, ƙasar iyayenta ce ta zame mata baƙunta. Ba ta jitu da surukanta a Sikotlan ba, ta yi ta yawon gidajen haya da bashi a kanta, ga sanyi, har ta kwanta ciwo wasu abokan iyayenta a garin Kendal suka yi jinyarta. Cikin Agusta 1852 kuwa Bowa suka kai wa Bakwena yaƙi, aka washe gidan Kolobeng, aka yayyaga littattafai, aka farfasa kwalaben magani.

Ta komo Afirka tare da shi cikin 1858, a jirgi aka gane tana da ciki, ta wuce Kuruman ta haifi auta, Anna Maryamu, wadda ubanta bai ji labarin haihuwarta ba sai bayan kimanin shekara guda. A farkon 1862 ta sadu da mijinta a kogin Zambezi. Wata uku kawai suka yi, zazzaɓi ya ɗauke ta ran 27 ga Afrilu, tana da shekara 41. Aka binne ta a Shupanga, ƙasar Mozambik, kusa da wata babbar kuka. Shi ya rayu har 1873, cikin shekarunsa na ƙarshe kuwa ya rubuta cewa abin da ya ke nadama game da zaman Kolobeng shi ne bai keɓe lokacin wasa da 'ya'yansa ba, kullum ya kan dawo a gajiye.

Gwamnatin Botswana tana kiyaye wurin a matsayin kayan tarihi, yamma da birnin Gaborone. Harsashin gidan yana nan a kan tudu, kabarin Elizabeth kuma yana can ƙasa wajen kogin.